Awon da Ya Ci Rijiyar Kawu Rabo

Unguwar Zariya, Maraɗi
Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana Ya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Nafisa da ɗana Bilal. Allah ya ƙara muku lafiya, ya kawo muku sanyin Liyon, can ƙasar Turawa, da sauƙi, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta tana yi wa 'yan kabu-kabu faɗa a kan gudu. Ƙanwarmu Hidaya ta sauka lafiya a Tibiri, an samu ɗiya mace, aka sa mata Zuliha, kuma duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce goshinka ne ta kwaso. Gero ya yi kyau a tudu bana, fadama ce kawai gulbi ya yi wa ɓarna.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Idirisa mai tahowa wajenku alhali kullum muna waya. Da gangan na yi. In na ji muryarka sai ladabi ya ɗaure mini baki, in yi ta cewa to Yaya, ba komai Yaya. Wannan karon akwai komai. Kwana shida ke nan raina a ɓace, kuma kai ne ka ɓata shi, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Ban manta alheri ba. Kai ka haɗa mini injin da nake aikin taswira da shi a ɗan birona, ofishin nan nawa na Sabon Gari, kai ka aiko da katin hoto mai fanka uku da ke cikinsa, kai ka koya mini Linux tun ina tsoron baƙin allo. Kai ne ka fahimtar da ni cewa kati komai ƙarfinsa gunki ne in babu pilot, ɗan firogiram ɗin nan da ke sa Linux ta yi magana da shi. Na san kuma musun da kuke yi a shafinka na intanet, kai da abokanka, a kan wane pilot ya fi gudu, rufaffen da masu ƙera katin suka yi ko buɗaɗɗen da jama'a ke rubutawa kowa na gani. Ni ma na taya ka. Sau nawa na rataye ma'aunin zafi a bakin injin nan a watan Afrilu, ina rubuta maka lambobi gumi na ɗiga a takarda, don ka nuna wa Turawa yadda kati ke yi a zafin Maraɗi? Shi ya sa na bar maka ƙofa a buɗe, kana shiga injin daga can duk lokacin da ka so. Sharaɗi ɗaya na gindaya maka, ka tambaye ni tukuna.

Ka san garkar Kawu Rabo, wan Inna, da ke bakin gulbi a Jiratawa. Ruwan watan Agusta ya share layin ciyawar gambar da ke iyaka tsakaninsa da maƙwabcinsa Inusa, ya shimfiɗa yashi, ya yanka sabuwar ƙorama inda da babu. Da ruwa ya janye sai Inusa ya ce iyaka ita ce ƙoramar, Kawu ya ce a'a, tana gaba da rijiya. Ba na cewa Inusa ɓarawo ne, wurin ya canza kama har ni ban gane shi ba. Amma ka san wace rijiya ake magana. Ita ce wadda Kawu ya haƙa da mahaifinsa, kakanmu Baƙo, wadda kowace shekara kafin ya fara noman rani yake yanka jan zakara a bakinta kamar yadda ya ga ubansa na yi. Ba hanyarmu ba ce ni da kai, amma tasa ce, kuma tumatirin da ruwan nan ya shayar shi ka ci ka yi karatun lakwal.

Mai gari ya sa ranar Alhamis don a yanke magana kafin a fara shuka. Sai na tuna cewa kafin damina na tayar da ɗan jirgin ɗaukar hoto a kan fadamar nan, lokacin da wata ƙungiyar manoma ta sa ni ƙidayar rijiyoyi. Hoto dubu da ɗari uku. In aka ɗinke su suka zama taswira ɗaya, tsohuwar gambar za ta fito kowa ya gani. Na je na gaya wa Kawu. Ya ce yana shirin aika a ɗauko tsoho Ɗan'auta, wanda aka dasa gambar a gabansa, daga wajen ɗansa can kusa da iyakar Najeriya. Ni da bakina na ce kada a wahalar da tsoho mai ciwon baya a kan tafiyar yini guda, injin Yaya Ya'u zai yi shaida. Kawu ya dube ni ya ce tunda ɗiyarsa ta faɗa, shi ke nan. Ka riƙe wannan, don shi ne ya fi ci mini rai.

Sai ranar Litinin na karɓo hotunan daga wajen ƙungiyar. Talata da ƙarfe bakwai na safe na sa aikin ɗinkin, injin ya ce awa goma sha huɗu, kati ya ɗauki kuka. Na duba batiran sola cike suke, na kulle biro, na tafi sunan Zuliha da kwanciyar hankali, ina da kwana guda cur na rara. Muna can Tibiri muna cin shinkafa saƙonka ya shigo, hoton wasu sanduna ja da shuɗi, kana murna wai sabon pilot ya tashi daga tamanin da bakwai zuwa casa'in da shida. Na aika maka da barka, wauta ta hana ni tambayar a kan wane inji ka auna. Da na dawo bayan la'asar na buɗe biro sai na ji shiru. Allo baƙi ƙirin, fanka na juyawa a hankali, babu abin da ke motsi sai ɗan farin layi a kusurwa.

Yaya, kai ka koya mini cewa Linux ba ta ɓoye komai, duk umarnin da aka ba ta tana rubutawa. To na karanta. Ƙarfe uku saura minti goma ka shigo. Abu na farko da ka yi shi ne duba abin da katin ke yi, ka ga yana aiki da dukan ƙarfinsa, ka ga sunan aikin, kuma sunan da na sa masa shi ne garkar Kawu Rabo. Ba za ka ce ba ka gani ba. Layi na gaba ka kashe shi, awa takwas na ɗinki, saboda awo ba ya yin daidai in kati na wani aiki. Ka cire pilot ɗin da na shekara ina aiki da shi lafiya, ka sa na gwaji, wanda masu rubuta shi da kansu suka yi gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa kada a ɗora shi a injin da ake cin abinci da shi. Ka yi awonka sau uku, ka kwashi lambobinka. Bai ishe ka ba, ka taɓa zuciyar tsarin don zagaye na biyu, ka sake tada injin, bai tashi ba. Da na tambaye ka daga baya ka ce ka ɗauka an ɗauke kuran lantarki ne, ai Maraɗi ce. Wallahi wannan amsa ta fi ɓarnar ƙona mini rai.

Laraba tun safe nake kan kujera. Na kira ka sau bakwai, ka rubuto cewa kana taro, abu ne mai sauƙi, in mayar da tsohon kawai. Mai sauƙi a Liyon! A nan sau biyu saukar da tsohon pilot daga intanet na yankewa in ya kusa ƙarewa. Da allo ya dawo, firogiram ɗin ɗinki ya ce bai ga kati ba, don ka bar guntattakin sabon sun cakuɗe da na tsohon. Na ce to ya yi aikin ba kati, ya ce awa hamsin. Na zauna ina kallon lambar nan, na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa maka. Ko aike aka tura a lokacin, Ɗan'auta ba zai iso ba.

Alhamis na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa ba ni da komai sai hotuna warwatse a cikin waya. Dattawa na zaune a inuwa ƙofar mai gari, Inusa ya zo da shaidu biyu, Kawu ya zo da ni. Ya sa rigarsa ta fita, ya riga ya gaya wa kowa cewa yau za su ga gonakinsu daga sama. Na miƙa waya tana yawo hannu zuwa hannu. Kowane hoto ɗan kore ne da ɗan yashi, wani dattijo ya juya ta sama da ƙasa ya ce wannan ai garkar kowa ce. Na roƙi a ƙara mini kwana uku. Mai gari ya ce ya so, amma irin albasar mutane ya isa dashe, an riga an ɗaga sau ɗaya, kuma mai shaidu ya kawo shaidunsa. Bai yi zalunci ba, da abin da ke gabansa ya yi hukunci. Iyaka ta zama ƙorama, rijiya ta faɗa wajen Inusa. Inusa ya ce Kawu ya ɗebi ruwa duk lokacin da ya so, sai dai ban da yanka a bakinta. Aka sa su suka yi hannu. Kawu bai dube ni ba, ba don fushi ba, don kada in ji kunya.

Yanzu gaya mini, mene ne casa'in da shida? Na koma na karanta shafinka. Hoto casa'in da shida a sakan ɗaya, a wani wasan motoci da ba ka taɓa bugawa ba, ni ma ban taɓa ba. An yi ta yaba maka, wani ya ce ka rufe bakin masu musu. Ban ce awo banza ne ba, na san da irinsa ake gane inda pilot ke ciwo a gyara wa kowa, kuma ina nan kan Linux ɗina ba inda za ni. Amma mai awo na gaskiya yakan tambayi injin wa zai taɓa. Kai ka ga sunan kawunka a rubuce, ka auna shi da hoto tara na ƙari, ka ga taran sun fi nauyi. Don kai ka sayi katin, sai ka ɗauka injin naka ne, ni mai gadi ce, aikina kuma wasan yara ne da za a iya kashewa a sake kunnawa. Abin da aka ba mutum ya zama nasa, Yaya, ko da ƙanwa ce.

Juma'a na share komai na sake ɗora tsarin daga tushe, Asabar taswira ta fito. Gambar nan ga ta kamar an ja ta da alƙalami, rijiya na cikin garkar Kawu da taki goma sha ɗaya. Jiya Lahadi na buga ta a babbar takarda na kai masa, na ce ya tashi mu je wajen mai gari yanzu-yanzu. Ya ƙi. Ya ce wanda ya ba da hannu gaban dattawa ba ya komawa ya karɓe, kuma in ya kai takardar nan ya mai da shaidun Inusa maƙaryata, alhali tsofaffi ne da suka faɗi abin da suka tuna, ko su binne shi ko shi ya binne su. Na yi magiya har na gaji. Ya shimfiɗa taswirar a tabarma, ya daɗe yana bi da yatsa har ya sami bakin rijiyar, ya ajiye yatsan a wurin. Da ya tambayi abin da ya sami injin ran nan, na ce rashin lafiya ya yi. Ya ce ai ko jaki yana da ranar da ba ya tashi.

Na canza kalmar sirri, na rufe ƙofar da kake shigowa, kada ka wahalar da kanka. Katin yana nan, ina aiki da shi, ba zan mayar maka ba. Inna ba ta san komai ba, Kawu ma haka, kuma na gaji da ɗaukar ƙaryar da ba tawa ba. Abu ɗaya nake so. Ranar Juma'a mai zuwa bayan ka karɓi wannan takarda zan je Jiratawa da hantsi, in kira ka, in miƙa wa Kawu waya, ka gaya masa da bakinka abin da ya sami injin. In ba ka ɗauka ba, ba zan tona ka ba, amma ni da kai sai gaisuwar Salla.

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe wa Bilal kunne. Hidaya da mijinta da jaririya Zuliha suna gaisuwa, haka Gwaggo Rabi da Kawu Maman Lawali. Ka gaishe mini da Yaya Nafisa ƙwarai, ka shafa mini kan Bilal.

A cikin ƙunshin da Idirisa zai ba ka akwai taswirar, akwai kuma ƙullin busasshen barkono. Ba daga ni ba ne. Kawu ne ya ɗebo a rumbu, na bara, wanda aka shayar da ruwan rijiyar, ya ce shi ne na ƙarshe. Ya ce in aika wa ɗansa Ya'u, in yi masa godiya da kyau, don ba don injinsa ba da ya mutu bai taɓa ganin rijiyar ubansa yadda tsuntsu ke ganinta ba. Na isar da saƙo. Ka ci lafiya.

Ƙanwarka,
Tahira