Hannun roba da na farfasa

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke mani hukunci sai kun ji ƙarshe. Dattijo ne ni daga wajen Gazara, karatuna bai yi nisa ba.

Shekara huɗu da suka wuce ɗana na fari ya dawo daga Zariya da wani inji mai narka zaren roba yana gina abu da shi. Maƙalin makulli da gidan waya yake yi wa mutane, kowa da sunansa a jiki, yana kaiwa kasuwar Maƙarfi. A shekarar ne injin matse rake ya cinye wa ƙanena hannu, ana ta raɗe-raɗin wai jifa ne daga cikin dangi. Wata rana da hantsi na shiga ɗakin ɗan nawa neman lauje, sai ga hannun mutum na roba a kan tebur, an rubuta sunan ƙanena a tafinsa. In ku ne me za ku ɗauka? Na ce, “Kai, ashe kai ne? Ɗaya hannun Baffan naka kake nema?” Ya ce, “Baba, tsaya ka ji!” Ban tsaya ba. Na ɗauko taɓarya na sauke wa injin da hannun, ɗan nawa ya kifu a kai yana karewa, na sake saukewa. Ƙarar da na ji ta biyu ba ta roba ba ce. Jini har bango. Yatsunsa uku suka karye, biyu har yau ba sa lanƙwashewa.

A asibiti ya gaya mani ya auna dungun Baffansa ne, ya yi masa alkawarin hannun da zai riƙe kofi da shi. Kunya ta sa na ce wa jama'a a babur ya faɗi. Bai ƙaryata ni ba, ya tattara ya koma Zariya.

Ƙanena bai san komai ba. Har yau cewa yake, “Yaya, ɗanka ya auna dunguna don ya yi mani dariya.” Ya hana 'ya'yansa gaishe da ɗan nawa. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Wane irin uba ne ni?

Makon jiya ɗan ya aiko da kwali, sabon hannu a ciki, da 'yar takarda: “Baba, kai za ka kai wa Baffa.” Kwanansa shida a ƙarƙashin gadona. In na kai, dole ƙanena ya tambaye ni me ya sa sai yanzu, bayan shekara huɗu. Me zan yi?