Hular Abakar Tana Nan, Baba

Zuwa ga mahaifina, Baba Kolo mai wankin hula,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ka koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Ɗanka Modu ne. Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda, kuma ko kana raye da miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka, tun da kai da boko kun yi hannun riga. Jikarka Yagana ta ce za ta sa wannan a waya jama'a su karanta. Na ce ta sa. Maganar ta daɗe a ninke, gara a shanya ta.

Rumfarka tana nan bakin kasuwa inda ka bar ta. Gumaguman katakon da muke ɗora hula a kai bayan wanki suna nan cif, da sunayen da ka raɗa musu. Tulu na masu babban kai yana nan, Ludayi na masu ƙaramin kai ma yana nan. Har yau in na ce wa mutum hularsa ta Tulu ce sai ya harare ni, alhali kai kana faɗa ana dariya. Har yau kuma ina ɗinka wa kowace hula alamar mai ita da zare a cikin baki, ko da yake sauran masu sana'ar sun koma rubutu da biro. Cewa kake biro yana bin ruwa, zare yana zama.

Yau kwana tara na kasa zama wuri ɗaya. Daga gidana a Yerimaram zuwa kasuwa da ƙafa nake tahowa, masu napep suna ta yi mini hon suna tambaya ko lafiya. Shekaranjiya na zuba wa hular wani malamin makaranta na Mamudo ƙaro har sau biyu, ta sandare, mutumin ya ce ko kwano na ba shi ya kifa. Da kana nan da na sha ranƙwashi, da furfurata da komai.

Yagana ce ta jawo. Ka bar ta tana sakandare, yanzu tana karatun lauya a jami'a, baki ya ƙara buɗewa. Ta zo hutu, ta kawo mini abincin rana rumfa, ta zauna tana ba ni labarin wata shari'a da aka koya musu. Wasu Italiyawa biyu ne da suka je ci-rani Amurka wajen shekara ɗari da ta wuce, ɗaya yana aikin takalma, ɗaya yana tallan kifi. Suna da wani ra'ayi, wai bai kamata a yi gwamnati ba, bai kamata wani ya hau kan wani da sunan mulki ba. Aka yi fashi, aka kashe mutum biyu, aka kama su. Baƙi ne, Turancinsu bai nuna ba, ga bakinsu ba ya shiru a kan masu iko. An tsinci hula kusa da gawa, aka ce ta mai takalman ce. A gaban alƙali aka ce ya sa, aka yi ta gardama a kan ko ta shige shi ko ba ta shige ba. Shekara bakwai suna tsare, duniya tana ta kururuwa, daga ƙarshe aka ɗora su kan kujerar lantarki aka kashe su. Sai bayan shekara hamsin wani gwamna ya fito ya ce ba a yi musu adalci ba.

Tana zuwa kan hular nan na aje cokali. Ta zaci yaji ne ya sarƙe ni. Ka san ba yaji ba ne, Baba.

Ka tuna Abakar da Jibrin. Shekara goma sha bakwai ke nan. Sun zo daga wajen Chadi, suna lodin shanu a manyan motoci ranar kasuwa. Hausarsu ta fi taka karyewa, kai da har ka rasu hula namiji ce a bakinka. Jibrin shiru-shiru ne. Abakar kuwa dogo, mai ƙaton kai, ga surutu. Shi ne ya riƙa tara masu lodi a gindin dalbejiya yana ce musu wa ya naɗa shugabannin lodi, da izinin wa suke zaɓar wanda zai yi aiki da wanda zai wuni a zaune. Yana cewa Allah kaɗai ne a samansa. Manyan kasuwa suka tsane shi, mu kuma muna jin daɗin sauraronsa daga nesa, muna cewa wannan baƙo ba zai yi ƙarko ba.

Hula ɗaya gare shi a duniya, wata tsohuwar zanna mai ruwan ƙasa, ta Sallah da Juma'a. Ranar wata Lahadi ya kawo ta wanki. Kai ka karɓa, ka auna ta da ido, ka ce Tulu ya samu ɗan'uwa. Ni na ɗinka mata alama da hannuna, ƙulli biyu na jan zare. Ya ce zai karɓa ranar Alhamis.

Ranar Laraba da la'asar aka tare wani dillalin shanu a hanyar Mamudo aka kashe shi. Aka tsinci hula mai ruwan ƙasa a gefensa. Kafin gari ya gama jin labarin an samu masu cewa sun san hular, sun sha ganinta a kan Bachadin nan mai baki. Ranar Alhamis da ya kamata Abakar ya zo karɓar hularsa, yana hannu, shi da Jibrin.

Ya gaya musu tasa hular tana wurin wanki. Shi ya sa 'yan sanda biyu suka zo rumfarmu da hantsi, da hular da aka tsinta a cikin leda. Ina tsaye a bayanka, hannuna duk ƙaro. Na ga ka karɓe ta, na ga ka juya bakinta da babban yatsa kamar yadda kake yi wa kowace hula, na ga abin da ka gani. Koren zare ne, ɗinki uku a jere. Kuma ko makaho ya shafa ya san ta Ludayi ce. Ka mayar musu, ka ce, "Hula da yawa, kai da yawa, ni ban riƙe na kowa ba." Suka tafi. Hular Abakar tana kan Tulu a rana, taku huɗu daga inda suka tsaya.

Ba ka rantse a kan ƙarya ba, wannan na shaide ka. Amma mu biyu mun san gidan da koren zare yake. Gidan da ya ba ka wurin kafa rumfa ne lokacin da ka zo daga Borno da buhu ɗaya da gungume uku. Ka san in ka nuna jan zare za a tambaye ka kore na wane ne. Da yamma da na buɗe baki zan yi magana, ka ce mai wankin hula amana yake riƙe, ba ya tallan kan mutane. Ka ce mai koren zare yana rabon huluna duk Sallah, wa ya san kan da ta koma. Gaskiya ne, har yau ban san wanda ya kashe dillalin nan ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da na sani shi ne hular ba ta Abakar ba ce.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da na ce maka zan je sayen ƙaro na daɗe, kotu na je. A gabana aka ce Abakar ya sa hular. Ya ɗora ta, ta tsaya masa a tsakar kai kamar murfin buta. Mutane suka fashe da dariya, shi ma ya yi dariya, yana waige-waige, a zatonsa magana ta ƙare. Sai mai gabatar da ƙara ya ce ai hula in ta sha ruwa da rana tsukewa take yi. Alƙali ya gyaɗa kai ya rubuta. Baba, ni da na tashi cikin kumfar sabulu na san babu ruwan da zai mai da Tulu ya koma Ludayi. Ina zaune a benci na uku. Abakar ya gan ni, ya ɗaga mini gira, irin ta ga wanda ya sani nan, ku tambaye shi. Na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗina.

Shekarata ashirin da takwas a lokacin, da mata da 'ya. Ba zan laɓe a bayanka in ce yarinta ba ce. Tsoro na ji, kuma na ji daɗi da ka riga ni yin shiru, don in samu wanda zan ce na bi.

Aka yanke musu hukuncin kisa su biyu. Gari ya yi kwana biyu yana magana, aka ce dama baƙo raɓa ne, aka koma cinikin shanu.

Kai kuwa ba ka koma daidai ba, kar ka ce ban lura ba. Dokarka ce hular da ba a zo karɓa ba ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a kuma bin mai ita da ita gida, shi zai zo da ƙafarsa. Sauran irinsu suna cikin akwatin ƙarfe suna tara ƙura. Ta Abakar kaɗai kake fitarwa duk jajibirin Sallah, lokacin da aiki ya fi yi mana yawa, ka wanke ta da kanka, ka ɗora ta kan Tulu, ka buga, ka shanya, ka naɗe a takarda ka mayar. Shekara goma sha uku kana haka. Ban taɓa tambayarka ba, ba ka taɓa kallona ba in kana yi. A ciwonka na ƙarshe, ana ta zancen gona da gida, ni abin da ka ja hannuna ka ce shi ne, "Hulan nan na Tulu, kar ka ba kowa, mai shi zai zo." Na ce to. Na ci gaba da wanke ta, shekara huɗu ke nan.

Da na gaya wa Yagana duk wannan, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini tsiwar da na zata ba. Waya ta ɗauka. Cikin kwana uku ta gano abin da na yi shekara goma sha bakwai ina gudun sani. Jibrin ya rasu a gidan yari tuntuni, tari ya kashe shi, ba a san ma wa za a gaya wa ba. Abakar yana raye. Ba a sa hannu a takardar kashe shi ba, ba a kuma sake shi ba, yana wani gidan yari mai nisa yana jiran ranar da wani zai ɗauki biro. An ce idonsa ɗaya ya tafi. An ce har yanzu yana da surutu, wannan kam na yarda.

Yagana ta ce akwai wata lauya mai bin irin waɗannan shari'o'in, tana iya kai maganarsa gaban masu duba afuwa. Amma sai an samu sabon abu a hannu, da mutum mai rai da zai rantse. Hular da aka tsinta, in Allah Ya sa ba ta ɓata ba, tana cikin kayan shaida da korenta. Ta Abakar tana nan a hannuna da janta. Tulu da Ludayi suna nan. Saura bakin da zai ce ranar da 'yan sanda suka zo an ga zare an yi shiru, kuma ba yadda zan faɗi haka ban ambaci sunanka ba.

Nan ne na tsaya, nan ne ƙafata ta ƙi zama. Yaya Hajja, babbar 'yarka, ta zo har gida ta ce in rufa maka asiri, wai kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta. Ta ce mutumin da aka yi wa sallah sahu-sahu, har yau ana cewa Baba Kolo mai amana, ni zan tashi in shafa masa baƙi yana kabari. Ta ce mutanen gidan koren zare suna nan da ransu, muna haɗuwa a masallaci, rumfar ma a filinsu take. Na raka ta bakin titi, na dawo, na sake fita, na zagaya har unguwar Yindiski ban san abin da na je yi ba.

Ina son ka, Baba. Ban taɓa faɗa maka ba, ba a yi mu da irin wannan ba. Ina son yadda kake hura hula kafin ka miƙa wa mai ita, da yadda kake ɓoye mini ƙosai a aljihu har na yi gemu. Kuma ina jin haushinka, ina jin haushin kaina fiye da naka. Italiyawan nan sai da aka shekara hamsin kafin a ce an zalunce su, lokacin babu wanda zai ji a cikinsu. Abakar yana da kunne har yanzu.

Na yi ta juya maganarka ta ƙarshe. Ka ce kar in ba kowa, mai ita zai zo. Mutumin da ya yarda Abakar ya yi kisa ba zai yi shekara goma sha uku yana sa wa hularsa ƙaro ba. Kai ma jira kake wani ya buɗe masa ƙofa, ka kasa zama kai ne. In na fahimce ka daidai, alhamdu lillahi. In kuma na karkatar da maganarka don ta yi mini daɗi, ka yafe mini, laifin a wuyana.

Gobe bayan sallar asuba ni da Yagana za mu shiga mota zuwa wurin lauyar. Na sa Tulu da Ludayi a buhu, yau rumfa ta yi wani iri babu su. Zan rantse, zan faɗi abin da ka gani da abin da na gani, zan fara da sunana kafin naka. Ban sani ba ko za a sake shi. Ban sani ba ko zan dawo in tarar an ce in kwashe kayana daga filin mutane. Lauyar ta ce za ta nema mini izinin ganinsa, kuma wannan ya fi kotun ba ni tsoro.

Dokarka guda zan karya, ina gaya maka tun yanzu don kar ka ji a bakin wani. Na wanke hular jiya ko da yake ba Sallah ba, ta bushe, na naɗe ta a sabuwar takarda. Abakar ya ce Alhamis zai zo karɓa. An hana shi zuwa, ni zan kai masa.

Allah Ya gafarta maka abin da ka faɗa da abin da ka haɗiye. Allah Ya jiƙan Jibrin, Ya jiƙan dillalin da aka kashe, Ya bayyana gaskiyar jininsa. Allah Ya ba Abakar tsawon ran da zai fito ya sa hularsa ya je Juma'a. Ni kuma Allah Ya hana ni kallon silifas ɗina karo na biyu. Amin.

Ɗanka mai riƙe maka rumfa,
Modu