Waƙar Hulda Ta Koma Kukan Ɓera

Anti Martina, ki taimake ni. Na ji kunya a gaban dattawan ikkilisiya, kuma Lahadi ɗaya ta rage mini.

Ni tsohon malamin lissafi ne. Na yi karatu lokacin da takarda ke da daraja. Yau waɗanda na koya wa biyu sau biyu ne ke wucewa a mota suna watsa mini ruwan kwata. Amma ba wannan ya kawo ni ba. A 1987 wani injiniyan jirgin ƙasa da zai bar Kafanchan ya ba ni ƙaramar kwamfuta, irin wadda ake jona wa talabijin, ana ajiye aiki a kaset. Matata Hulda, wadda ta tafi wurin Ubangiji, ta tsara waƙar godiyar kaka da yarenmu. Ni na shigar da karin waƙar cikin injin, sauti bayan sauti, da sunanta da kwanan wata a allo.

Yanzu Yafet, shugaban mawaƙa, mutumin da ko tari ba ya yi a kan kari, ya sa sunansa ƙarƙashin waƙar a takardar bikin godiya. Wai a mafarki aka ba shi.

Injin ya mutu tuntuni, amma kaset na nan. Abokina Emenike mai gyaran rediyo ya juye shi cikin laftof, ya sa mini manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar. Da na buɗe wurin saiti, sai na ga ana tambayata: wane samfuri, ƙwaƙwalwa nawa, gudu nawa. Anti, shekara arba'in ba wanda ya tambaye ni abin da nake so. Na zaɓi samfuri mafi girma, na cika ƙwaƙwalwa har baki, na kai gudu ƙarshe. Ban gwada ba, don mai digiri ba ya gwaji.

A gaban dattawa na kunna. Sunan Hulda ya gifta kamar walƙiya. Waƙar minti uku ta ƙare kafin fasto ya sa tabarau, da wani ƙara kamar ɓera a tarko. Yafet ya ce lalle wannan tamu ce ni da Hulda, ba zai yi jayayya ba. Har mai shara ta yi dariya. Dattawa sun ce in dawo Lahadi, in ba haka ba takarda ta tafi wurin bugu da sunansa. In ƙone kaset ɗin ne in huta?

Tsohon Malami, Kafanchan

Baba Malam, kar ka ƙone komai. Kaset bai yi laifi ba, zarinka ne ya yi. Ka ɗauki injin da aka yi don tafiyar keke ka ɗaura masa injin tirela, sannan kana mamaki ya faɗa rami.

Irin waɗannan tsofaffin ayyuka da bugun injin suke auna tsawon kowane sauti. In ka ninka gudu, ka ninka saurin waƙar. Koma wurin saiti, ka zaɓi ainihin samfurin da ka yi aiki da shi, ko da shi ne mafi ƙanƙanta. Mayar da ƙwaƙwalwa yadda take a da, gudu kuma ka bar shi a na asali. Cire duk kayan ƙarin da ba ka taɓa mallaka ba. Ka adana saitin, ka gwada sau biyu tare da Emenike. Mai digiri ma yana gwaji. Kai ka koya wa yara duba amsa.

Game da Yafet, sa sunansa kuskure ne babba. Amma ka tuna, shekarun da kaset ke kwance a akwati kana fushi da duniya, shi ne ya riƙe waƙar a bakin mutane. Ka nemi a rubuta cewa Hulda ta tsara, Yafet ya koyar. Ka je ne don sunanta, ba don rama dariya ba.

Hulda ba ta raina ƙaramin injin nan ba, kai ma kar ka raina shi. Bar shi ya yi tafiyarsa a hankali, har fasto ya sa tabarau ya karanta sunanta. Ubangiji ya ba ka nasara ranar Lahadi.

Anti Martina