Gurbi na Hamsin

Litinin, 6 ga Maris, 1978
Takardar hukuma ta iso: ranar Asabar za a rushe layinmu a unguwar District Six. Motar kwashe kaya ɗaya za a ba mu, sawu ɗaya. Na auna, na sake aunawa: ko kabad ɗina ya shiga, ko akwatin katunan sigarin Baba. Shi kuwa ya hau kan akwatin ya zauna, wai ƙafarsa ƙafar katunansa. Ikon Allah!

Talata, 7 ga Maris
Tun yana saurayi ya yi ta zuƙar taba don ya cike littattafan da yake liƙa katunan a ciki, kowane kwalin sigari da kati ɗaya mai hoto. Ribar da ya ci ita ce tari. Na buɗe ɗaya: janar-janar, 'yan ƙwallo, mata da huluna, duk Turawa. Mu fa? Muna can wani littafin tare da barewa da tsuntsaye, ɗauke da kwanduna a ka. Na ce, "Baba, jikokin waɗannan ne fa ke korar mu." Ya ce, "Rugaya, wanke hannunki kafin ki taɓa." Haushi kamar in fashe.

Laraba, 8 ga Maris
Yaya Sedick ya zo, ko cokali bai ɗaga ba. "Ki bar tsoho da kayansa mana." Na ce to, kai su gidanka. Wai matarsa ba ta son warin taba. Ka ji fa!

Alhamis, 9 ga Maris
Na gama shawara. Gobe akwatin zai ɓata.

Juma'a, 10 ga Maris
Baba na fita masallaci na jawo akwatin zan kai bola. Littafi ɗaya ya faɗo, na kyawawan matan duniya, gurbi hamsin. Arba'in da tara Turawa. Na hamsin Mama ce, Allah ya jiƙanta, da mayafinta na ranar aure, an yanke hoton daidai girman kati.

A zaune a ƙasa ya dawo ya same ni. Na ce, "Na hamsin ɗin ne ba ka samu ba?"

"Sau uku na same shi. Kamfanin ne ya yi kuskure, na gyara musu."

Asabar, 11 ga Maris
Mun tashi. Kabad na bar shi a bakin titi, dama ƙofarsa ba ta rufuwa sosai. Littafin nan guda a cinyata ya yi tafiyar, don kawai direban ba shi da hankali, komai jifa yake yi.

Na wanke hannu tukuna.