Ƙofar Gidan Thornrigg

Ƙanena Barnaby,

Gaisuwa da fatan kana lafiya a Aberdeen. Mama ta ɗan farfaɗo, amma shanyewar ɓarin jikin ta ci ƙafafunta. Asibiti sun ce ba za su sallamo ta gida ba sai in keken guragun da take hawa zai iya shiga ko'ina, don ma'aikatan jinya ba sa ɗaukar mutum a hannu. Na gwada keken a ƙofar gaba. Ya fi ta faɗi da yatsa biyu, haka ma ƙofofin ciki. Ka san gidanmu yana cikin gidajen tarihi da doka ta hana taɓawa, saboda haka na nemi izinin hukuma. Kafin nan sun kai ta gidan tsofaffi a Kendal.

Yayarka,
Hester

Yaya Hester,

Na gaishe ki. Yatsa biyu fa! Katako ne, Yaya, ba ƙashin mutum ba. Ba ni rana, in zo da zarto. In ɗauri ne su ɗaure ni. Tun muna yara muke daskarewa a gidan nan saboda Mama ta hana Baba sauya tagogi, ita ta yi ta zarya har aka sa gidan a doka. Yanzu gidan ya rufe mata ƙofa, ke kuma kina tsaye kina masa gadi.

Barnaby

Barnaby,

Ina gaisuwa, duk da wasiƙarka ta ɓata mini rai. Daga nesa kowa jarumi ne. Ginshiƙan ƙofar nan da hannu aka sassaƙa su, da turakun itace aka haɗa su, babu ƙusa ko ɗaya. Su ke riƙe da dogon katakon da ke ɗauke da bene. Tsuntsayen da aka sassaƙa a jikinsu kuwa, shekara nawa Mama tana goge su da kakin zuma? Jami'in hukuma ya zo, ya shafa su kamar mai gaida jariri, ya ce kwamiti zai zauna bayan hunturu.

Jiya na tambayi Mama ko a yanka ƙofar. Na ɗauka za ta zage ni. Ta daɗe tana kokawa da harshenta, sannan ta ce, "Hester, kai ni gida." Na ce mata ta ƙara haƙuri, takarda na hanya. Tsoro nake ji, Barnaby, kuma ban san ko na doka ba ne ko na gidan.

Ka huta lafiya,
Hester

Yaya,

Gaisuwa. Aiki ya riƙe ni a teku, sai ƙarshen wata. Kada ki jira ni, kada ki jira su. Nemi kafinta.

Barnaby

Ƙanena,

Ina maka gaisuwar rashi. Na san an sanar da kai ta waya, amma wannan ba zan iya faɗa da baki ba. Ban nemi kafintan ba.

Yau da safe aka kawo gawar Mama, don ta kwana a zaure kafin jana'iza, kamar yadda ta taɓa roƙo. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ginshiƙan. Akwatin gawar ya shige bai taɓa ko ɗaya ba, har da sauran wuri.

Ka zo Litinin. Ka bar zarton.

Hester