Simsim Ya Ƙi Ƙetare Bakin Ƙofa

Unguwar Faisal, Alƙahira,
Fabrairu, 2014.

Zuwa ga Yayata Nana Fatima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Ɗalibaina sababbin zuwa sun fara kama Larabcin Masar, har wasu suna yi mini gyara, ni kuwa daɗi nake ji.

Yaya, maganar Amna ce ta sa na rubuto, kuma ina so ki karanta har ƙarshe kafin ki yi faɗa. Kin san tun rasuwar mahaifinta Yaya Kamilu yarinyar nan ta daina magana. A makaranta tana rubutu, tana gane karatu, amma bakinta a rufe. Ni da nake taƙama da iya jan yara da hira, na yi iya yina, ban samu ko kalma ba. Abin da ba mu gaya muku ba shi ne, bara ta tsinci wani ɗan kwikwiyo a bayan gidansu, ta kai shi saman bene, ta sa masa suna Simsim, wato riɗi da Larabci, saboda launinsa kamar riɗi. Da shi take magana. Ranar da na fara jin muryarta daga matakala tana ba shi labarin malamarsu ta lissafi, sai da na zauna a wurin ina saurare. Na san yadda Inna za ta ji idan aka ce jikarta na kiwon kare, shi ya sa na biyo ta hannunki.

Yanzu kare ya girma. Idan Amna ta tafi makaranta, mahaifiyarta Awadiyya ta tafi aiki, sai ya wuni yana kuka a sama. Maƙwabta sun kai ƙara, mai gidan ya aiko mai gadi ya ce kafin ƙarshen wata ko dai a daina jin kukan, ko a mai da shi titi. A layin nan kuwa akwai masu ajiye wa karnuka nama da guba.

Matar da Awadiyya ke yi wa aiki a unguwar Mohandessin, Madam Samah, tana da wani gida a bayan gari inda ake renon karnuka da rana. Kada ki yi dariya, Yaya, gaskiya ne: kamar makarantar renon yara, a kawo su da safe a ɗauke su da yamma. Ta tausaya, ta ce motarta za ta riƙa ɗaukarsa kyauta, amma sai ya ci gwajin wuni ɗaya kamar kowane kare, domin ma'aikatanta ne za su yi fama da shi. Za a duba ko yana faɗa da 'yan'uwansa, ko yana yarda baƙo ya taɓa shi, ko zai shiga ɗakin da suke hutawa da tsakar rana idan an kira shi.

Na ɗauki abin da zafi kamar mai shirya ɗalibi jarrabawa. Mun kai shi an yi masa allurai. Na koya masa tafiya da igiya a wuya. Na koya masa zama da zuwa da Larabci, tunda Hausa kaɗai yake ji, har Awadiyya tana tsokanata wai Malam Hadi ya samu ɗalibin da ba ya musu. Sauran karnuka ba su dame shi ba, a cikinsu aka haife shi. Taɓawa ma ya fara jurewa.

Ƙofa ce ta gagare mu. Tun yana ƙarami Awadiyya ta yarda ya zauna ne bisa sharaɗin ba zai taka cikin ɗaki ba, saboda wurin salla da kwanukan abinci. Duk lokacin da ya matso sai ta ɗaga masa tsintsiya. Ba laifinta ba ne, haka aka rene mu duka. To, ya koyi darasin fiye da kowane yaro da na taɓa koyarwa. Ko ƙofar wa ce, ko ta asibitin dabbobi, yana isa sai ya tsaya cak, ya kwanta. A can sai da likitan ya fito waje ya yi masa allurar. Mun sa hanta a tsakiyar ɗaki, ya kalle ta yana zubar da yawu, bai motsa ba. Na ja igiya, ya turje har wuyansa ya goge. Na roƙi Madam Samah ko za a bar shi a tsakar gida, ta ce ma'alish, wato sai haƙuri, idan zafi ya zo ba mai iya tsaron kare ɗaya a rana, kuma karen da ba ya shiga ba su karɓarsa.

Jiya bayan la'asar Amna ta zauna a tsakar ɗaki tana kiransa a hankali, ta daɗe tana lallashi. Muna kallo ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a kan tabarma. Daidai lokacin Awadiyya ta fito daga kicin, kafin ta yi tunani bakinta ya riga ya daka masa tsawar da ta saba. Ya ja da baya, ya haye sama da gudu. Awadiyya ta tsaya riƙe da bakinta, sannan ta fashe da kuka. Amna ba ta kalli kowa ba, ta tashi ta bi shi. Yau ko saukowa matakala ya ƙi yi.

Gwajin ranar Alhamis ne. Za mu je, amma ba zan ɓoye miki ba, ban ga alamar zai ci ba, kuma ɗakin da nake haya ba a yarda da dabba. Na tambayi duk wanda na sani, ba mai karɓa. Ban san da wane baki zan gaya wa yarinyar nan ba. Ki nemi lokacin da Inna take cikin nishaɗi ki ba ta labari, ki ce ba don kare nake roƙon addu'arta ba, don muryar 'yar Kamilu ce.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, da Kawu Ɗantsoho, da maigidanki Malam Sada, da Humaira da Ismail. Awadiyya na gaishe ku, ta ce a sa ta a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Hadi