Farin da Babanki Yake Nema

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Yaya ƙafar da ta kumbura? Mu nan sai godiya, in aka cire taurin kan babanki, wanda kin san ba shi da magani.

Mai sabon gidan abincin nan na bakin titi ya ba shi aikin farantai da kwanukan tangaran. Farare yake so, amma marasa ƙyalli, irin farin ɓawon ƙwai. Kin san shekarun da babanki ya kwashe yana neman wannan farin, sai ga shi an biyo shi har gida. Tun daga ranar yana rumfa yana auna farar ƙasa da garin dutse da alli don haɗa ruwan shafen da ke ba tangaran launi, ni kuma ina damawa a bokiti ina tacewa da rariya har kafaɗata ta sage. Sai ruwan shafen ya yi kaurin madara sannan mu tsoma farantan, mu jera su a tanderu.

Na gwaji sun fito jiya, bayan mun bar tanderun ya huce a hankali don kada su yi ƙyalli. Ni dai a idona sun yi, farare sol. Shi kuwa ya ɗaga ɗaya ya yamutsa fuska, wai ya yi rawaya kamar haƙorin tsoho. Da na ce ban ga wata rawaya ba, sai ya tambaye ni tun yaushe na zama mai ido a gidan nan. Ya ɗauko kwalbar baƙin garin nan da wuta ke mayarwa shuɗi, wai ɗan kan wuƙa ya isa ya kashe rawayar. Na koma kan bokitina, tunda ni aikina damu.

Ki shafa mini kan jaririya. Ki gaida surukarki.

Innarki

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Allah ya sa ƙafar ta saɓe. Wannan karon ba ni da abin dariya.

Ɗan kan wuƙar nan ya zama cokali. Duk gwajin da ya fito sai babanki ya ce da sauran rawaya, ya ƙara garin. Da farko sun yi kamar farin kayan da aka sa wa bula. Na ƙarshe kuwa shuɗi ne, Uwata, shuɗin da ko daga ƙofar gida za ki gane. Shi ne ya rungume a ƙirjinsa har da ƙwalla, yana cewa yau ya ga farin da yake nema tun kafin a haife ki.

A nan gabana ya faɗi. Na tuna ya daɗe yana mita wai ƙwan fitilar rumfa ya dushe, wai ba na wanke labule. Ranar nan ya zuba shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya goce. Na matsa kusa kamar zan cire masa abu a gira, sai na ga wani hazo-hazo a ƙwayar idonsa. Rabin rayuwarsa ya yi da ido a kafar leƙen tanderu, yana gane zafin wuta daga launinta, kuma ko sau ɗaya bai yarda ya sa baƙin tabarau ba, wai yana ɓoye masa gaskiyar wuta.

Gobe zai tsoma aikin gaba ɗaya a wannan ruwan, kuma abin da wuta ta ci ba ya gyaruwa. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na gan shi yana waƙa yana goge farantai, abin da rabona da gani tun rasuwar baffanki. Wallahi tsoro nake ji. Mutumin da idonsa ne kaɗai abin alfaharinsa, ta ina zan fara? Ga faranti ɗaya nan ya ce a ba direba ya kawo miki, ki gani da idonki.

Ki sa mu a addu'a.

Innarki

Uwata,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Saƙonki ya iso, kuma faɗan da kika yi mini daidai ne, amma ya tarar an riga an kunna wuta. Ban faɗa masa ba. Da hannuna na miƙa masa farantan yana jerawa.

Ranar da aka buɗe tanderu mai gidan abincin ya zo da motarsa. Ya dubi tulin kayan ya yi dariya, ya zaci wasa ne, ya tambayi ina nasa fararen. Babanki na tsaye da faranti a hannu. Bai ko kalli mutumin ba, ni ya juyo ya tambaya wane launi ne wannan. Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye farantin a hankali, ya zauna a kan buhun alli. Mutumin ya ba da haƙuri ya tafi, na ji ya kai aikin wani wuri.

Jiya ya yarda muka je asibiti. Likita ta ce yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, ita ke sa ya ga fari kamar rawaya. Na dama, wanda yake leƙe da shi, akwai wata ɓarna a can ciki da aiki ba zai gyara ba. Na hagu za su gwada. Ko an dace, ta ce shi da kafar tanderu har abada.

A mota muna dawowa sai ya kamo gefen mayafina ya kai kusa da fuskarsa. Ya tambaye ni ko farin nan ne da ya sayo mini lokacin bikinki. Ashe ya daɗe yana ganin mayafin ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, yana jin kunyar bai sake mini wani ba. Na ce masa shi ne, kuma fari ne sol kamar ranar da ya kawo shi. Bai saki gefen mayafin ba har muka iso gida.

Ki nemi izinin maigidanki ki zo kafin ranar aikin idon, ki taho da jaririya. Ya ce yana son ya gan ta da na hagun tun yanzu, don bai san abin da Allah zai yi ba.

Allah ya kawo ku lafiya.

Innarki